Soyayyar Kaza a Cikin Amfilifayar Kawu

Ba zan taɓa mantawa da yammacin bikin abokina Auwalu a Bunkure ba, kuma ko na so in manta, mutanen Kura ba za su bar ni ba. Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci, don ni dai a ganina hukuncin da aka yi mini ya fi laifina girma. Amma bari in faɗa muku yadda aka yi, ku yi alƙalanci da kanku.

Ni aikina injin casar shinkafa ne a Kura, sai dai tun ina yaro nake taɓa jita. A wajen kawuna na koya, Kawu Ila, wanda ya yi kiɗa a otal-otal na cikin Kano da ƙuruciyarsa kafin ya tuba (haka shi yake faɗa) ya dawo gida ya kama noman rani. Bai dawo da komai daga birni ba sai jitarsa da wata tsohuwar amfilifaya, na'urar ƙara sauti, mai nauyin buhun taki, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. Irin ta da ce, mai kwalabe a ciki, waɗanda idan an kunna suke yin ja kamar garwashi. Bayanta a buɗe yake don ta sha iska. Idan ta ga dama, muryar da take ba jita babu wata na'urar zamani da za ta ba ta.

Matsalar ita ce ba kullum take ganin dama ba. Da ta ɗauki zafi sai muryar ta fara sirancewa, ta yi ƙaraf-ƙaraf kamar ana suyar gyaɗa, daga nan sai tsit. Ka kashe ta huce, ta dawo garau kamar ba ita ba. Da Auwalu ya ce in yi wa abokan ango kiɗa, sai na je na roƙi Kawu mu duba ta, muka baje kayanta a zaure. Muka fara da canza wayar jita, ba ita ba ce. Muka goge ramin da ake soka wayar, shiru. Muka hure ƙurar ciki, har da wani tsohon gidan zanzaro da muka ɓamɓaro daga gefen taransifoma. Kawu bai bar ni na sa hannu ba sai da ya tabbata wutar da take maƙalewa a ciki ta fita, don ya ce wannan abar ko a kashe take tana iya jefar da ƙato. Daga ƙarshe ya kunna ta, ya jira ta yi zafi, ya ɗauko busasshen kara yana ɗan ƙwanƙwasa kayan ciki ɗaya bayan ɗaya. Da ya taɓa wata kwalba sai lasifika ta yi kaki. Ashe mazauninta ne ya saki, dalmar da ta riƙe ƙafafun ta tsage, zafi na buɗa tsagar, sanyi na haɗe ta. Muka sake zuba dalma, muka matse mazaunin, muka gwada ta da tsakar rana. Na yi ta kaɗawa har yatsuna suka yi ciwo, ko tari ba ta yi ba.

Da zai ba ni aronta Kawu ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗan nan, kada ka jingina ta da bango. Kada ka rufe mata baya. Kuma cikinta ba aljihu ba ne." Na ce haba Kawu, sai ka ce yaro.

Ya kamata ku san abin da ya sa na damu da wannan kiɗa. Akwai Hindatu, ƙawar amarya, wadda a lokacin manya sun fara maganarmu. Mahaifinta ya tsufa, saboda haka wuƙa da nama suna hannun wanta, Yaya Sale, manomin tumatir, mutum marar yawan magana, wanda tun farko bai ga abin da ƙanwarsa za ta yi da makaɗi ba. Shi ne kuma ya kawo janaretan da za a yi amfani da shi a wajen bikin. Niyyata ranar in nuna masa cewa ni mutum ne mai natsuwa, wanda ya san kan na'ura.

Muka kafa kaya bayan la'asar a ƙofar gidan su ango, lokacin bazara, zafi kamar a gasa mutum. Ni da jita, abokina Bala da kalangu. To, a nan ne nake so ku fahimce ni. Duk wanda ya taɓa yin kiɗa a biki ya san yadda ake wulaƙanta makaɗi da abinci. Kana sama kana zufa, kana kallon farantai suna wucewa ta gabanka, idan ka gama a ce maka, "Ayya, ba ku ci ba? Bari a duba ko da saura." Sauran kuwa ƙanzo ne da ƙashi. Tun karin safe ban sa komai a cikina ba. Ina ɗaure igiyar jita sai ga Hindatu ta zo wucewa da ƙawayenta, ta ɗan rage tafiya, ta ajiye wata baƙar leda kusa da ƙafata ba tare da ta kalle ni ba.

"Ka ci kafin ku fara," in ji ta, ta wuce.

Na buɗe. Soyayyar kaza ce, cinyoyi, da yaji, har da ɗuminta. Ina ɗaga kai sai na hango Bala yana dawowa daga alwala. Bala mutumin kirki ne, amma idan ya sa hannu a kwano sai dai ka yi masa addu'a. Kuma ku duba, wannan ba naman biki ba ne da kowa yake da haƙƙi a ciki, kyauta ce daga hannu zuwa hannu. (Wannan hujjar na sha kawo ta, ba wanda ya taɓa karɓa.) Aljihun rigata ƙarami ne, jakar jita tana wajen Bala. Sai na dunƙule ledar na tura ta bayan amfilifaya, na danna ta can ciki da kyau. Na ga har yanzu ana hango baƙin leda, sai na ɗauko bargon da muka naɗo amfilifayar a ciki na yafa mata ta baya. A raina na ce waƙa ɗaya ce, da an tafi hutun farko zan cire.

Muka fara, kiɗa kuwa ya yi daɗi. Jita tana kuka, kalangu yana amsawa, samari suka taso, har dattawan da suka zauna nesa don kada a ce suna sauraro na ga suna kaɗa ƙafa. Aka ce a ƙara, muka ƙara. Kai ya yi girma. Wallahi kaza ta fita daga raina gaba ɗaya.

Ana tsakiyar waƙar da na tsara wa ango sai na ji muryar ta sirance. Ƙaraf-ƙaraf. Ta dawo, ta tafi, ta yi tsit. Na tsaya ina kaɗa jitar da ba mai jin ta sai ni. Na jijjiga waya, na murɗa wannan na murɗa wancan, na zaro fis na duba, lafiyarsa ƙalau. Na taɓa saman akwatin, na janye hannu da sauri, don zafinsa ya isa a toya waina. Mutane suka fara ƙananan maganganu. Wani ya ce, "Dama wannan tsohon akwatin gawa aka dogara da shi?"

Nan zuciya ta ɗebe ni. Na san mun gyara ta, da idona na ga dalmar ta kama. To idan ba ita ba ce, mene ne? Sai idona ya faɗa kan janareta. Na taka har inda Yaya Sale yake zaune a kan benci.

"Yaya Sale, injin nan naka wutarsa hawa take tana sauka. Zai ƙona mana kaya."

Ya dube ni a natse ya ce, "Lasifikar mai gabatarwa ma a jikinsa take, ga ta tana magana. Fankokin ma suna juyawa."

Mai hankali da ya tsaya a nan. Ni kuwa sai na wuce na karɓi makirufo daga hannun mai gabatarwa. Na ba jama'a haƙuri, na ce su sani laifin ba daga makaɗa ba ne. Na yi bayanin yadda muka kwance na'urar nan muka gyara ta ciki da bai. Na ce ita kayan asali ce, ba ta shan gurɓatacciyar wuta, kuma akwai bambanci tsakanin injin da ya dace da taro da wanda ya dace da gonar tumatir. Har da cewa ya kamata mutum ya san iyakar abin da ya sani. Duk wannan a gaban surukan da ban riga na samu ba.

Ban ajiye makirufo ba na ji ƙamshin. Da farko na ɗauka daga cikin gida yake fitowa. Sai na ji yaji, da man kaza, da wani ɗan ƙauri na leda a ƙarƙashi. Na waiga, hayaƙi siriri yana fita ta gefen bargo.

Na yi sauri na koma na tsaya a gabanta, na ce kowa ya ja baya, wuta ce, ni kaɗai zan iya da ita. Da ma a ce Kawu bai zo bikin ba. Amma ya zo, yana cikin dattawan nan masu kaɗa ƙafa. Ya taso a hankali, ya zare wayar wuta tukuna, sannan ya dube ni.

"Wa ya rufe ta?"

"Ni ne, Kawu. Saboda ƙura."

"Matsa."

"Kawu, a bari ta huce mu kai ta gida mu duba a tsanake."

Sai ya ture ni da gefen hannu ya yaye bargon. Hayaƙi ya tashi, ƙamshi ya cika wajen. Ya leƙa, ya daɗe yana leƙawa. Ya nemi kara, ya sa ya zaƙulo ledar, wadda ta narke ta manne a jikin kwalbar nan da muka sha wahalar gyarawa, ta kuma ture ta ta karkace daga mazauninta. Ledar ta yage. Cinyoyin kaza suka zubo a kan tabarma, suna tururi, sun yi baƙi ta gefe guda.

Wajen ya yi shiru, janareta kaɗai ke aiki, lafiya lau kuwa. Sai Yaya Sale ya taso ya tsaya a kan kazar, ya ce da Kawu cikin ladabi, "Baba Ila, ita ma wannan injina ne ya kawo ta?"

Dariyar da aka yi ba na son tuna ta. Wata tsohuwa daga ƙofar gida ta ce ashe abar har girki take yi, a ba ta aro ranar suna. Ango da kansa, wanda na yi wa waƙa, ya kifa kai a kafaɗar abokinsa yana hawaye. Bala ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, "Ni ka ɓoye wa?" Sannan ya tsuguna, ya ɓamɓare ledar da ta manne, ya cinye kazar tas a gabana. Ko ƙashi bai miƙo mini ba. Ni da aka kawo wa, ni da na sha kunya a kanta, ko ɗanɗanonta ban sani ba har yau. Idan wannan ba zalunci ba ne, a gaya mini sunansa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. A bikin nan naman sa aka raba, ba a yanka kaza ba. Na ga Yaya Sale ya dubi kazar, ya juya ya dubi ɓangaren mata, inda Hindatu ta ja mayafi ta rufe fuska. Ashe da safe an nemi zakara ɗaya a gidansu an rasa.

A keke mai ƙafa uku muka koma Kura ni da Kawu. Ya rungume amfilifayar a cinyarsa kamar marar lafiya. Kwalbar ta tsage, mai ya shiga mazauninta. Na yi ta zaryar kasuwannin Kano ina neman irinta, masu shaguna suna juya ta a hannu suna tambayata ko ta fitilar ƙwai ce, kafin na samo wata a wajen wani tsohon mai gyaran rediyo. Muka wanke mazaunin, muka dasa, ta tashi. Amma har bazara ta wuce aka shiga damina, idan ta ɗauki zafi sai zauren Kawu ya yi ƙamshin suya.

Yaya Sale kuwa a gonarsa na same shi, yana sakin ruwa a kwamin tumatir. Na tsuguna na ba shi haƙuri. Ya bar ni a tsugune har ya gama toshe bakin ruwan, sannan ya ce, "Zagin inji bai dame ni ba, ƙarfe ne. Abin da nake tunani, mutumin da zai ɓoye wa abokinsa cinyar kaza, yaya zai yi da ƙanwata ranar da abinci ya yi kaɗan?" Na buɗe baki zan kawo hujjata ta kyauta daga hannu zuwa hannu, Allah ya taimake ni na rufe. Ya ɗage maganar auren sai bayan girbin shinkafa, wai yana so ya ƙara nazarina. An dai yi daga baya. Ranar ɗaurin aure ya aiko mini da janaretan nan kyauta, ba tare da na roƙa ba, kuma na san da gangan ya yi.

Abin da na koya ba shi da yawa. Idan na'ura ta yi zafi ta ɗauke murya, kafin ka nemi makirufo ka tara wa kanka shaidu, zagaya bayanta ka shinshina. Idan kuma aka ba ka nama a wajen biki, ka ci shi nan take a tsaye, ko da za a ce ba ka da kunya. Wannan kunyar ta yini ɗaya ce, kuma a ƙoshe za ka ji ta.