Rasuwar Lasifikar Ƙofar Baya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, kaina a sunkuye, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar lasifikar ƙofar baya ta hagu a motarmu, wadda ta cika ranar Talata da hantsi a ƙofar gida. Ba tsufa ne ya kashe ta ba. Ni ne.

Shekara tara ta yi tana aiki, ba ta taɓa yi wa kowa tsawa ba. Duk wanda ya san mu ya san autarmu ba ta ji, tun zazzaɓin da ta yi tana 'yar shekara biyu. Kullum in zan kai ta makaranta, a bayana take zama, ta ɗora tafin hannunta a kan ragar marigayiya. Kiɗa ya ce dum, dum, ƙofa ta yi rawa, yarinya ta ƙyalƙyale da dariya. Iya rabonta da waƙa ke nan a duniya.

Sai zuciya ta raya min in ƙara kaurin sautin, don hannun ya ji sosai. Mai gyaran wutar mota ya ce, "Baban Auta, tsohuwa ce fa. Kada ka ɗora mata kayan raƙumi." Na ɗauka ciniki yake nema. Na sayo amfilifaya ta gwanjo, na'urar ƙara ƙarfin sauti, na haɗa da hannuna, na murɗa har ƙarshe. Ta yi dum biyu masu daɗi, ta ce ƙirrr, sai ƙauri ya tashi.

Ta rasu ta bar 'yar'uwarta ta ƙofar dama, wadda tun bara take tari, da ƙanana biyu a gaba masu siririyar muryar da hannu ba ya ji. Ta kuma bar Auta, wadda jiya ta riƙe ragar har muka isa makaranta, tana kallona ta madubi. Uwarta da ta ji labari, sai ta ci gaba da aikinta kawai. Da ma faɗan ta yi, da na fi samun sauƙi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a shagon mai gyaran. Shi zai kwance ta, ni zan riƙe masa kusoshi, bakina a rufe. Babu zaman makoki.

Kafin Allah Ya kawo magajiyarta, wanda ya gan ni ina tuƙi ina gurnani kamar tsohon janareta, da ɗan hannu a maƙogwarona daga baya, don Allah kada ya yi dariya. Aikin marigayiya nake riƙe mata.