Ranar da Na Cire Kan Batirin Malam Yakubu

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da ranar haihuwar wasu daga cikin 'ya'yana, amma ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a bakin garejina na unguwar Maamobi a Accra ba.

Ni fita ne, wato makaniken babura. Shekara ashirin da biyu ke nan ina gyaran babur da aboboya, babur mai ƙafa uku ɗin nan mai akwatin kaya a baya da ya cika lungunan Nima. Ba yabon kai ba, a da in aboboya ta shigo layinmu tana tari, kafin direban ya kashe ta na san ciwonta. Kowa Masta yake ce mini. Sunan ya yi mini daɗi, ya shige mini kai har ya toshe ƙofar da sabon karatu zai bi ya shiga.

Sai wani kamfani ya kawo sabon samfurin aboboya. Wannan ba shi da kabureta. A madadinta akwai wani ɗan baƙin akwati ƙarƙashin kujera da suke kira ƙwaƙwalwa, shi ke auna wa injin mai da iska. Dilan kamfanin ya aiko a kira fitocin unguwannin Zango horon kwana uku a Accra New Town. Wanda ya gama za a ba shi takardar shaida da rigar aiki da allon kamfani ya kafa a garejinsa, duk mai sabon mashin a unguwar wurinsa zai riƙa kai sabis. Gaskiya don allon na je.

Ranar farko muka zauna, mu kusan talatin. Sai ga mai koyarwar ta shigo, na duba da kyau, ashe Rukayya ce, 'yar marigayi Malam Sani tela na bayan masallacinmu. Yarinyar da na sani tana kai wa babanta abinci shago! Ta je ta yi karatun injiniya, ta dawo da tabarau da kwamfuta a hannu. Ta gaishe ni da ladabi, har da ɗan rusunawa, ta ce, "Kawu, sannu da zuwa, na ji daɗi da na gan ka." Na amsa da baki, amma a raina cewa nake yi: yau ni ne wannan za ta koya wa riƙon sifana?

Na koma can baya na harɗe hannu. Ranar farko na jure. Rana ta biyu, da aka tashi sallar azahar, na yi sallata na fito sai ƙamshin waakye, shinkafa da waken nan, ya tare ni a bakin titi. Na zauna na ci, na haɗu da wani tsohon abokina direban motar haya ta trotro, hira ta yi daɗi, ban koma ajin ba sai dab da tashi, daidai lokacin sa hannu a takardar halarta. (Daga baya na ji cewa darasin wutar mashin kaf a wannan yammacin aka yi shi.) Rana ta uku aka ba mu littafin gyara mai kauri a cikin leda, aka ɗauke mu hoto. Na zo na kafa allo, na sa rigar, na ɗora littafin a saman kanta da ledarsa.

Mutum na farko da ya kawo mini sabon mashin shi ne Malam Yakubu. Dattijo ne, ya girme ni da kusan shekara goma, sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci. Rayuwarsa duka amalanke ya tura a kasuwar Nima, buhunan albasa da doya, har bayansa ya lanƙwashe. Likita ya ce in bai daina ba wata rana ba zai iya miƙewa ba. 'Ya'yansa ne suka haɗa ƙarfi suka saya masa aboboyar nan don ya huta da turi. Ranar da ya karɓo ta sai da ya zagaya da ita gida-gida ana sa albarka. Ni da bakina na ce masa, "Yaya Yakubu, kada ka wahalar da kanka zuwa kamfani. Ga ni nan, ni ne kamfanin a Maamobi."

Da lokacin sabis na farko ya yi ya kawo. Na sauya baƙin mai, na sauya matatar mai, na ɗaure abin da ya saki. Mutane suka taru suna kallo, don sabon abu ne: masu shayi, direbobi biyu, har da mai aski na gefenmu. Malam Yakubu ya ce, "Masta, kamar fitila na yana rage haske in na tsaya. Ka duba mini shi kaɗan."

To, mu tsofaffin fitoci muna da hanyarmu ta gwada caji, wadda na gada daga mastana, shi ma ya gada daga nasa. Sai ka tada mashin, ka cire kan batir yana aiki. In bai mutu ba, caji lafiya. Na yi haka sau ba adadi a kan tsofaffin mashina, ba abin da ya taɓa faruwa. Na tada aboboyar, na kwance notin, na zare wayar, kuma saboda idon jama'a na murɗa totur sosai don a ji ƙarar. Sai fitilun gaban direba suka yi wal, injin ya yi wata 'yar shaƙuwa ya ɗauke. Wani ɗan wari kamar na ƙonanniyar roba ya taso daga ƙarƙashin kujera.

Na mayar da wayar na danna, shiru. Na sauya fulogi, shiru. Muka tura har bakin kwata, ko tari bai yi ba. Na share zufa na juyo na ce da babbar murya, "Kun gani ko? Kayan yanzu ke nan, ba su da ƙarko kraa, ko kaɗan. Laifin kamfani ne, kuma da garanti, dole su sauya." Kowa ya gyaɗa kai. A katin sabis na rubuta abin da na yi: mai da matata. Batun batir ban rubuta ba, don a wurina ba aiki ba ne, gwaji ne kawai. Wallahi a lokacin ban san ni na kashe shi ba. Zuciyata ta ɗan ɗarsa, amma na danne ta.

Ranar Laraba kamfanin ya turo mai dubawa. Wa za a turo in ba Rukayya ba? Ta sauko daga mota da jakarta, ta gaishe ni, ta gaida Malam Yakubu. Jama'ar rannan suka sake taruwa, har da ƙari, don labari ya zaga cewa Masta zai titsiye kamfani. Ta jona na'urarta, ta ɗaga kujera, ta shinshina baƙin akwatin, sannan ta tsuguna gaban batir ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Ƙwaƙwalwar ta ƙone. Wuta ce ta yi mata yawa lokaci guda." Ta nuna notin kan batir da biro. "Kun ga wannan ɗigon fenti mai ruwan ɗorawa? Daga kamfani ake sa shi a kan noti. Ya tsage, an kwance shi ke nan. Wani ya cire batir mashin yana aiki. Abu na farko ke nan da muka ce kada a kuskura a yi wa wannan samfurin."

Ta ɗauki katin sabis ta karanta, ta ga mai da matata kawai, sai ta juya wurin dattijon. Ko kallona ba ta yi ba, don a tunaninta wanda ya zauna a ajinta ba zai yi wannan ba.

"Baba, ka faɗa mini gaskiya. Ka kai shi wani wuri kafin nan? Ko wani ya taɓa maka batir a kasuwa? Don in a hannunka ya faru, ko a hannun wanda ba namu ba, garanti ya faɗi. Ba ni na sa dokar ba."

Duk wanda ke tsaye a nan ya ga abin da na yi da idonsa. Mai aski ya shiga duban ƙasa, mai shayi ya koma goge kofin da ya riga ya goge. Malam Yakubu ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, kallon da bai fi ƙiftawar ido ba, sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "'Yata, ni ban san komai na mashin ba. In garanti ya faɗi, to Allah ne ya kawo. Ba komai."

Kun ji fa. Mutumin da mashin ɗin nan shi ne lafiyar bayansa, ya zaɓi ya rasa shi da ya tona ni a gaban mutane, saboda muna sahu ɗaya kuma yana jin nauyina. Ni kuwa ina tsaye da rigar kamfani, da allo a saman kaina, na yi gum. Ba zan ɓoye muku ba, na daɗe a shirun nan. Har na fara lissafa yadda zancen zai wuce: ta rubuta, ta tafi, allona ya zauna. Sai na ga ta buɗe takardar ta sa biro, na ga dattijon ya dafa ƙarfen akwatin kaya yana shafa shi. Ban taɓa jin ƙyamar kaina irin ta wannan lokacin ba.

Na ce, "Rukayya, tsaya." Muryar da ta fito ba irin ta Masta ba ce. "Ni ne. Ni na cire. Ina gwada caji ne."

Ta ɗago a hankali. "Kawu, kai?"

"Ni."

"Amma rana ta biyu da yamma awa guda muka yi a kan wannan. Har ƙonanniyar ƙwaƙwalwa na zagaya da ita kowa ya riƙe." Ina ganin lokacin da ta gane. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Ɗauko littafinka, yana shafin farko-farko, da jan rubutu."

Na shiga na miƙa hannu saman kanta na sauko da shi. Ledarsa ko huda ba a yi ba, ƙura ta kwanta a kai har ana iya rubutu da yatsa. Haka na fito da shi a gaban jama'ar Maamobi. Wani direba ya ce, "Ei, Masta!" ya kama bakinsa. Ba wanda ya yi dariya, kuma rashin dariyar ya fi ciwo. Ita da kanta ta yage ledar, ta buɗe, ta nuna mini hoton hannu riƙe da sifana a kan batir, an ja masa jan gicciye ƙato wanda ko wanda bai yi boko ba zai gane.

Ta ce tunda a hannun fitan kamfani abin ya faru, za a sauya wa Baba ƙwaƙwalwar, garantinsa yana nan. Amma allon dole a sauke har sai na sake horon daga farko. Ta faɗa tana kallon gefe, kamar ita ce ta yi laifin. Ban bari direbansu ya hau ba, ni na ɗauko tsani na kwance shi da hannuna.

Na ɗauka kunyar ta ƙare a nan. Ashe kayan sai an yi odarsa, kwana goma sha biyu aka yi ana jira. A kwana na huɗu na bi ta kasuwar Nima, sai na hango Malam Yakubu a hawan nan na wajen masu albasa, ya ari amalanke, ya dafa shi da ƙirji yana turawa, yana tsayawa yana riƙe ƙugu. Gida ba ya jiran kamfani, dole a ci abinci. Na ajiye babur ɗina na je na kama gefe ɗaya muka tura tare har sama. Da muka kai ya numfasa ya ce, "Masta, ka bar aikinka?" Na ce, "Yaya, ka yafe mini." Ya ce, "Tun rannan na yafe. Amma ka koma makarantan yarinyan nan, ka zauna gaba."

Na koma, kuma a gaba na zauna, tsakanin samarin da na girmi iyayen wasunsu. Da aka zo darasin wuta Rukayya ta ɗago ƙonanniyar ƙwaƙwalwa ta ce wannan daga wani gareji ta fito, ba ta faɗi suna ba. Na ɗaga hannu na ce, "Garejina ne. Ku riƙe ta da kyau ku shinshina." Ranar dai an yi dariya, ni ma na samu na yi.

An mayar mini da allona bayan wata biyu, kuma Malam Yakubu har yau wurina yake kawo sabis, ko da yake bayansa bai koma yadda yake kafin kwanakin nan goma sha biyu ba. Da sandar hannu yake zuwa masallaci yanzu, kuma ni na san rabona a cikin sandar nan. Abin da na koya bai da yawa. Shekara ashirin da biyu sun koya mini tsohon mashin ne kawai, sabon kuwa bai san ana ce mini Masta ba. Yanzu in an kira horo, da ƙoshina nake fita daga gida, kuma in aka idar da azahar ni ne na farkon komawa aji.