Ranar da Na Sa Mai Gidan Hayata Gyaran Famfo

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da aka zo duba gidanmu na haya a unguwar Stapleton ta New York. Saura wata biyu lis ɗinmu ya ƙare, wato yarjejeniyar zaman gidan, sai ga takarda wai an sayar da ginin, kuma sabon mai shi zai zo ya ga kowane ɗaki kafin ya sabunta wa kowa. Ni kuwa na riga na ƙudurta ba inda za mu. Matata Hadiza tana da tsohon ciki, makarantar 'yarmu Ilham a ƙafa ake zuwa, jirgin ruwan St. George da nake bi zuwa aiki kuma ga shi nan kusa. Shekara biyu nake so a ƙara mana, ba ɗaya ba.

Matsala ɗaya ce. Akwai wani rami a bangon falo wanda kan mutum zai iya shiga. (Ni na haƙa shi da hannuna garin rataye talabijin, bayan na gaya wa Hadiza ba sai an kira kowa ba.) Na samo wata ƙatuwar kalanda na rufe shi, na ce magana ta ƙare.

Da hantsi suka ƙwanƙwasa. Wani Bature ne dogo cikin kwat, sai wani dattijo baƙar fata a bayansa, da tsohuwar jaket da akwatin kayan aiki. Nan take na raba musu matsayi: wannan mai gida, wancan mai gyara. Na zaunar da Baturen a kujera mafi laushi, na kawo masa shayi da cincin, na shiga zuba Turancin da na kwana uku ina haddacewa. Dattijon kuwa ko ruwa ban ba shi ba. Kicin na nuna masa da yatsa, na ce famfon yana ɗiga, ya taimaka ya duba tunda ya zo. Ya durƙusa ya hau aiki.

Can na ga Baturen yana kallon bango. Sai na juya Hausa, da murmushina, kamar ina yabon shayi.

"Maman Ilham, ki tsaya a gaban kalandar nan, cikinki ya tare. In wannan mai tumbin ya ga ramin mun kaɗe."

Ta ce, "Mai gyaran fa?"

Na ce, "Bar tsohon nan, shi da famfo ne."

Dattijon ya fito yana goge hannu da tsumma. Ya dube ni, ya yi magana a hankali, da Hausa irin ta zangon Kumasi.

"Famfo ya gyaru, ɗana. A bar baiwar Allah ta zauna, tsayuwa ba kyau ga mai ciki. Ramin ma tun daga ƙofa na ga kalandan ya lotsa."

Kafin in gama haɗiye wannan, Baturen ya miƙe ya gabatar da shi: Alhaji Seidu, wanda ya sayi ginin. Shi Baturen ejan ne kawai, rakiya ya yi. Hadiza ta shige ɗaki ta bar ni riƙe da farantin cincin. (Har yau ba ta yarda cewa guduwa ta yi ba.) Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Baba, a kawo shayi?" Ya ce a'a, ya gode, suka tafi ba wanda ya ambaci lis.

Kunya ta so ta hana ni fita, amma na tuna kunya ba ta ba mutum wurin kwana. Washegari na sayo allon bango da fenti, na toshe ramin, sau biyu ina kankarewa ina sakewa. Ranar Litinin kafin in tafi aiki na sami Alhaji Seidu a ƙasa yana share matakala.

Na ce, "Baba, na yi laifi biyu. Na ɓoye ɓarna, kuma na raina babba. Na gyara na farko, na biyun sai dai ka yafe. Amma gidan nan ina sonsa, shekara biyu nake roƙo."

Ya hau ya shafa bangon da tafin hannunsa, ya daɗe yana shafawa.

"Aikin bai yi kyau ba," in ji shi. "Amma ka zo da ƙafarka. Shekara ashirin ina gyara gidajen mutane a garin nan kafin in sayi nawa, ba kai ka fara nuna mini kicin ba."

Ya sa hannu a takardar ranar Laraba, shekara biyu cif.

Tun daga nan na koyi cewa a New York Hausa ba ɗakin sirri ba ce. Kuma duk wanda ya shigo gidana yanzu, ko da tsintsiya ya zo, sai ya zauna ya sha shayi kafin in san ko wane ne.