Ƙofa Huɗu a Filin Dambenmu

Ni ne sakataren kwamitin filin dambe na garinmu. Ba don na iya dambe aka ba ni ba, ni ko mari ban taɓa kai wa wani ya zauna daidai ba. An ba ni ne don ni kaɗai a cikinsu na yi aikin koyarwa, kuma rubutuna yana karantuwa. Saboda haka abin da zan ba ku a gabana aka yi shi, ba ji na yi a teburin mai shayi ba.

Filin namu, in an ce fili, to fili ne. Rairayi ne shimfiɗe tsakanin mahauta da bayan kasuwa, sai tsamiya biyu a gefen gabas, shi ke nan. Ba katanga, ba rumfa, ba benci. Ranar wasa na gaba su zauna, na tsakiya su durƙusa, na baya su tsaya, masu ƙarfin hali su haye tsamiya. In an tashi kowa ya kama gabansa, filin ya koma hanyar masu kai shanu yanka. A nan ake gasar kaka ta ƙananan hukumomi bakwai na yankinmu, kuma shekara talatin da ɗaya ke nan tana hannun mutum ɗaya, Sarkin Dambe Baba Nomau, tsohon mahauci, wanda har yau yatsun hannunsa na dama ba sa miƙewa sosai.

Bara sai ga takarda daga hukumar wasanni ta jiha, wai duk filin da za a yi gasa a cikinsa sai jami'insu ya duba ya sa hannu. Filin da bai cika sharaɗi ba, a mayar da gasar wani gari. Ba a rubuta sunan garin ba, amma kowa ya san Ƙetare ake nufi, mutanen hayin kogi, waɗanda suka shekara ashirin suna haɗiyar yawu a kan gasar nan, ga shi ciyaman ɗinsu ya zagaye musu filin ƙwallo da bulo. Da na gama karanta wa Baba Nomau, sai ya ce, "Malam, wato ni Nomau in haye gada in je Ƙetare, a nuna min wurin zama?" Tun ina yaro na san shi, ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar, kuma wallahi ya ba ni tausayi.

Jami'in da aka turo sunansa Malam Lurwanu. Kada in ɗauki alhakinsa, mutumin kirki ne, ko goro bai yarda ya karɓa ba. Matsalarsa ɗaya ce: abin da fom ya ce shi ne gaskiya, abin da idonsa ya gani kuwa sai an bincika. Fom ɗin kuma don filin ƙwallo aka tsara shi. Ya tsaya a ƙarƙashin tsamiya da fayil a hammata, ya cire murfin biro.

"Baba, mutum nawa filin nan yake ɗauka?"

"Duk wanda ya zo, Yallaɓai."

"Lamba nake so."

"To bara dai ba wanda ya koma gida don rashin wuri."

Ya rubuta wani abu. "Ɗakin canja kaya fa?"

"Ai ɗan dambe tuɓewa yake yi, ba canjawa ba."

Ya sake rubutawa, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Waɗannan duk ya ce ana iya ɗaga ƙafa. Sai ya zo layin da aka ja wa jan biro a ƙasa. "Ƙofofin fita in an sami hatsaniya, guda nawa ne?"

"Duk inda ka sa gaba, Yallaɓai," in ji Baba Nomau. Ya ba shi labarin shekarar da wani bijimi ya tsinke igiya a mahauta ya faɗo filin ana tsakiyar wasa. Mutum ya fi dubu uku, amma kafin makaɗi ya sauke kalangu daga kafaɗa ba kowa a wurin sai takalma. Ba wanda ya ji ciwo sai mutum ɗaya, shi ma daga kan tsamiya ya faɗo don dariya.

Malam Lurwanu ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ban tambaye ka saurin gudunsu ba, Baba. Fom ya ce ƙofa huɗu aƙalla, ta ƙarfe, kowace da kwaɗonta. Ni ban ga ko ɗaya ba." Ya zana sifili mai kyau, ya ce zai dawo bayan mako huɗu.

Washegari kwamiti ya zauna. Kansilanmu ya ce a zagaye filin da katanga kamar na Ƙetare. Aka auna da igiya, aka kira magini, ya ce ko yau aka fara buga bulo sai dai a yi gasar baɗi a ciki. Mahauta kuma, waɗanda rabin 'yan damben 'ya'yansu ne, suka aiko cewa duk wanda ya toshe musu hanyar shanu, su sun san yadda ake yi wa katanga ƙofa ba tare da magini ba.

Wani ya ce to a koma sabon fili a bayan tasha, inda ba hanyar kowa, a fara gini a hankali. Nan 'yan dambe suka ƙi ƙememe. Da farko sun ce rairayin can bai da laushi. Da aka matsa musu, babbansu ya rage murya ya ce abin da iyayen gidansu suka binne a cikin ƙasar nan shekara da shekaru, yanzu ba wanda ya san inda nasa ya tsaya na abokin karawarsa ya fara, kuma ba mai shiga wani fili da hannu haka kawai. Limamin da ke cikin kwamitin ya yi kamar bai ji ba, ni ma ban sa a rubutun taro ba.

Saura filin ƙwallon makarantar sakandare, wanda ke da waya da ƙofa biyu. Muka je mu uku wajen shugaban makarantar. Ya karɓe mu da mutunci, ya ce shi bai ƙi ba, amma mu faɗa masa yadda zai riƙe ɗalibi ɗari takwas a aji ana buga kalangu a bayan taga. Ya rako mu har bakin titi, ina jin don ya tabbata mun tafi.

Mako guda ya wuce a haka. Mutanen Ƙetare har sun fara yi wa filinsu farar ƙasa. Rannan da hantsi Baba Nomau ya same ni a ƙofar gida, ya ce in ɗauko kwafin fom ɗin da Malam Lurwanu ya bar mana in sake karanta masa layin nan mai jan biro. Na karanta: ƙofa huɗu aƙalla, ta ƙarfe, kowace da kwaɗonta.

"To karanta min inda aka ce katanga."

Na duba gaba, na duba baya, na bi shafi uku da yatsa. Babu. Wanda ya tsara fom ɗin bai taɓa kawowa a ransa cewa akwai mai raba ƙofa da katanga ba, don bai san garinmu ba.

"Aika a kira min Isiyaku mai walda," in ji Baba Nomau.

Kwana goma sha biyu Isiyaku ya yi. Ƙofofi huɗu, kowace tsakanin turakun ƙarfe biyu da aka dasa a siminti, gabas da yamma, kudu da arewa, an shafe su da koren fenti, kowace da kwaɗo sabo fil. Suna tsaye su kaɗai a cikin rairayi, ba abin da ke damansu, ba abin da ke hagunsu. Gari ya fito kallo. Kafin kwana biyu an ɗaure akuya a ta kudu, wata mata ta shanya tabarma a ta arewa. 'Yan Ƙetare suka riƙa zuwa a kan babura suna ɗaukar hoto, suna tambaya wai ko mu ba su aron ɗaya su kai gona. Ni kaina in zan wuce sai in kau da kai, don kunya ta ishe ni.

Ranar da Malam Lurwanu ya dawo, sha biyu ta ɗan gota, rana tana tsakar ka. Motarsa ta tsaya a gaban ƙofar yamma. Ƙofar a kulle take, mabuɗan kuwa duka huɗu suna aljihun Isiyaku, wanda tun safe aka ɗauke shi gyaran injin niƙa a wani ƙauye. Baba Nomau yana daga cikin fili, suka gaisa ta tsakanin sandunan ƙarfe. Na ce, "Yallaɓai, mu ɗan kewaya mana, taku biyu ne."

Ya dube ni kamar na ce ya shiga masallaci da takalmi. "Malam, aikin gwamnati na zo yi. Inda duk akwai ƙofa, ta ƙofa nake shiga. Kuma sai na ga kwaɗon nan ya buɗe da idona."

Aka buga wa Isiyaku waya, ya ce ga shi nan tafe. Muka tsaya. Wata mai fura ta wuce ta damanmu ta shiga filin. Shanu shida suka wuce ta hagunmu, mai korarsu ya yi wa Yallaɓai barka da rana. Baba Nomau ya sa aka zagayo da kujera daga cikin fili aka ajiye wa Yallaɓai a waje, ya zauna, fayil a hammata, gumi yana bin wuyan rigarsa. Aka miƙo masa ruwa ta tsakanin ƙarafa, ya sha, ya mayar da kofin ta inda ya fito. Ba wanda ya yi dariya. Ni dai cikina har ciwo yake, amma na tuna abin da ke gaban tsohon nan, na daure.

Minti arba'in cif sai ga Isiyaku. Ya zagaye ƙofar da babur ɗinsa, ya kafe shi a cikin fili, ya buɗe kwaɗon daga ciki, ya ja ƙofar ya ce, "Bismillah, Yallaɓai."

Malam Lurwanu ya shiga. Ya bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, ya auna faɗinsu, ya ƙwanƙwasa ƙarfen, ya buɗe kowane kwaɗo ya rufe. Ya dawo ƙarƙashin tsamiya, ya buɗe fayil, ya kai biro kan layin sa hannu. Sai ya tsaya, ya mayar da murfin.

"Baba, ƙofa huɗu na gani, ta ƙarfe, kowace da kwaɗonta. Amma ba zan yaudari kaina ba. Amfanin ƙofa shi ne ta tare mutum har sai an buɗe masa. Waɗannan kuwa ko akuya ba ta kula su. Nuna min mutum ɗaya tak da ƙofar nan ta taɓa tarewa, in sa hannu yanzun nan. In babu, gasa ta tafi Ƙetare."

Baba Nomau ya gyara tsayuwa, ya sunkuyar da kai cikin ladabi.

"Akwai kuwa, Yallaɓai, kuma ba ƙaramin mutum ba ne. Minti arba'in ta tsare shi a rana, da fayil ɗinsa a hammata."