Yadda Za Ka Raba Kwikwiyo Da Sata Ba Tare Da An Raba Ka Da Ɗakinka Ba

Idan Allah ya jarrabe ka da kwikwiyo mai ɗan hali, share hawayenka, ka zo inda ya dace. Wannan hanya ba ta taɓa ba da kunya ba. An gwada ta a kan Ɗanliti, ɗan adaidaita sahu da ke haya a gidan Hajiya Furera a Gyadi-Gyadi. Ya ɗauko kwikwiyo daga ƙauyensu don gadin adaidaitarsa, ya sa masa suna Kwalli. Kwalli bai taɓa yi wa ɓarawo haushi ba, domin shi ne ɓarawon. Ranar da ya janye ɗankwalin Hajiya daga igiyar shanya, ta ce, "Ɗanliti, ya ƙara taɓa kayana ko na baƙona, kai da shi ku nemi wani masauki." Ɗakin haya kuwa a unguwar nan, ɗalibai da ma'aikatan asibiti sun gama rabewa. To, bi ni a hankali.

1. Musanta

Ko an gan shi da silifas a baki, ka ce tsinta ya yi, cigiyar mai shi yake. Ɗanliti yakan ƙara da cewa uban Kwalli karen farauta ne, daga gidan mutunci ya fito. Ka sani kare ba ya jin kunya, don haka kai za ka riƙa ji masa.

2. Yi masa nasiha

Tsuguna ka dube shi ido cikin ido. Ɗanliti ya ce, "Kwalli, ka rufa mini asiri, ni baƙo ne a garin nan." Kwalli ya kaɗa wutsiya, alamar magana ta shiga. Sannan ya yi gaba da hular da Ɗanliti ya ajiye a gefe.

3. Yi musaya

Kada ka bi shi da gudu, tsere zai ɗauka kuke yi. Nuna masa ƙuli-ƙuli, zai saki abin da ya ɗauka. Dabarar tana aiki, sai dai ka tuna a Kano karen nan yake tasowa. Kafin a ankara Kwalli ya gane ciniki: silifas na ƙuli-ƙuli ne, buta kuwa sai da kan kifi. Hular aikin Nusaiba, ma'aikaciyar jinya da ke ɗakin gefe, ya ƙi sakinta sai da ya ga tsire.

4. Kada ka sa rai masu kaya za su karɓa

Abin da bakin kare ya taɓa, sai an wanke an sake wankewa, duk da haka zuciya ba ta kwanciya. Da Ɗanliti ya miƙa wa Nusaiba hularta, sai ta ja da baya.

"Ni in sake ɗora wannan a kaina? Allah ya kiyaye. Bar masa."

Nan Kwalli ya fahimci duk abin da ya lasa ya zama nasa. Ƙarƙashin adaidaitar ya koma rumfar 'yan gwanjo.

5. Horar da mutanen gidan

Kare ya gagara, ɗan'adam ba zai gagara ba. Ɗanliti ya sayo ƙusoshi ya bi bango yana bugawa. Takalma suka koma rataye, buta ta hau taga, tsintsiya ta hau katanga. Hajiya da kanta ta koyi sagale takalminta kafin ta shiga falo. Gida ya yi lafiya, Ɗanliti ya fara barci da minshari.

6. Kada ka manta da baƙi

Shi ya manta. Baƙo bai san zancen ƙusa ba, a ƙasa yake tuɓe takalmi. Akwai Malam Rabi'u, ƙanin marigayi mijin Hajiya, wanda ke tasowa daga Daurawa kullum daidai lokacin sauke tukunya. Ya ci, ya ce gishiri ya yi yawa, ya miƙe a falo har la'asar. Ran nan ya fito ya tarar da takalminsa ƙafa ɗaya. Ga Kwalli can zaune da ɗayan a baki, yana jiran a taya.

Ɗanliti ya leƙo ya gani. Ya fara tunanin yadda katifarsa za ta shiga adaidaita.

"Hajiya, kare a gidan ɗan'uwana?" in ji Malam Rabi'u. "Muddin yana nan, ƙafata ba za ta ƙara taka gidan nan ba!"

Ya fice da silifas ɗin banɗaki.

7. Karɓi hukunci da ladabi

"Ɗanliti!"

"Na'am, Hajiya. A yi haƙuri, gobe zan kwashe kayana."

"Wa ya ce ka kwashe? Me ka ce karen nan ya fi so?"

"Tsire, Hajiya."

"To ka biya wajen mai tsire, a yanko masa wanda ba yaji. Ƙusar bakin falon nan ma, zare ta. Akwai wata ƙawata da ke zuwa ran Lahadi."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ya kiwon kare, kuma ba ruwansa da hula, buta ko zumuncin da ya salwanta. Idan ka ziyarci wani gida a Gyadi-Gyadi ka fito babu takalminka, kafin ka zagi kare, ka tuna ko an gayyace ka.