Naƙudar Shekara Huɗu

Ranar Talatar da ta wuce, wajen ƙarfe ɗaya na rana, a cikin wani ajin makaranta a Gaya, aka sanar da ni a bainar jama'a cewa na girmi abokin tagwaicina da shekara huɗu. Ni da ko a gidan biki bango nake nema in maƙale don kada a gan ni, sai ga idanu sun fi ɗari a kaina. Wasu har da ɗage, don su ga yarinyar da ta fito duniya ta bar ɗan'uwanta a ciki yana hutawa.

Bari in koma baya, kada ku ce rana ce ta taɓa ni.

Sunana Hussaina, sunansa Alasan. Duk wanda ya ji sunayen nan ya san wanda ya fara faɗowa. Inna ta ce tsakaninmu bai kai a dama kunu ba, amma a kan wannan ɗan tsakanin Alasan ya kafa mulki shekara ashirin da tara. Dole in ce masa Yaya. Tun muna yara shi ke zaɓar tsoka, ni in yi godiya da ƙashi. Tare muka yi firamare a Gafasa, tare muka shiga jami'a, tare yajin aiki ya cinye mana shekaru, tare muka dawo gida da digiri. Inna ta adana su a ƙasan akwati, tsakanin atamfofin da ba ta ɗinka ba, kuma har yau atamfofin sun fi su alamar za su yi amfani.

Shekara uku ke nan muna neman aiki. Ni da sauƙi, ina ɗan koyar da yaran unguwa a zaure. Alasan ne a ƙagauce. Yana neman auren Bara'atu, mahaifinta kuma magana ɗaya ya yi masa: ba zai sa rana ba sai ya ga takardar kama aiki, in kuwa aka gama roron gyaɗa bai gani ba, akwai masu jira a layi. Gyaɗa kuma, kun sani, ba ta jiran kowa.

Ana nan sai aka yi shelar bita ta yini ɗaya a Gaya, wai za a koya wa ɗalibai da waɗanda suka gama karatu yadda ake tsara makoma da neman aiki. Aka ƙara da cewa wata ma'aikata, wadda ba zan kama sunanta ba don ina son tsawon rai, za ta ɗebi mutane bayan bitar. Wanda ya ɗauki nauyin taron shi ne Mai Girma Gatan Marasa Aiki, Allah ya ƙaro masa marasa aikin da zai yi wa gata.

An ce ƙarfe tara. Mai Girma ya iso ɗaya saura, da jiniya da motoci bakwai, ɗaya daga ciki ba komai ta ɗauko ba sai kujerar da zai zauna. Ya karɓi lasifika ya ce babban sirrin samun aiki shi ne kiyaye lokaci. Muka tafa. Yunwa ma tana sa tafi. Ya ce a wannan ɗiba ba wanda za a bari a baya, ya sha lemo, ya tafi, kujerarsa ta bi shi.

Sai ƙwararren da aka ɗauko daga birni ya miƙe, da kwat da ɗamarar wuya a wannan zafi, gumi na bin keyarsa. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya koyar. Ya ce sibi, wato takardar da mutum ke zayyana karatunsa da ayyukan da ya taɓa yi, kada ta wuce shafi biyu. Ya ce kowace ma'aikata a rubuta mata wasiƙarta daban, a daina buga guda ɗaya ana rabawa kamar katin ɗaurin aure. Ya ce kafin intabiyu a bincika me ma'aikatar take yi, a je da kaya masu tsabta, a kalli mai tambaya a ido. Nan na ɗan dakata da rubutu. Ni da aka raina a kan kada in haɗa ido da babba, yau an ce abincina a idon babba yake.

"Amma abin da ya fi komai," in ji shi, "ku faɗi gaskiya. Cancanta ce ke magana."

Na rubuta, na ja layi biyu a ƙasa. Shawarwari ne masu kyau, irin kyan a koya wa mutum iyo a gidan da ko rijiya babu.

Daga nan ya karanto sharuɗɗan ma'aikatar. Biyu ne kacal. Kada mai nema ya wuce shekara ashirin da shida. Kuma ya zamana yana da gogewar aiki ta shekara biyar.

Wata ɗaliba mai suna Zuhra, 'yar aji uku a jami'a, ta ɗaga hannu.

"Yallaɓai, wanda yajin aiki ya riƙe har ya gama yana da ashirin da biyar, a wace kasuwa zai samo shekara biyar ɗin?"

"Tambaya mai kyau," in ji ƙwararre. "Shi ya sa nake cewa ku zama masu hangen nesa." Ya duba agogo, ya ce lokacin salla ya yi.

Ashe ainihin bitar a waje take. A gindin darbejiya, bakin ƙofar makarantar, wasu bayin Allah sun kafa tebura, su ne ke shirya wa mutum takardar rantsuwar shekaru. Ba sa tambayar yaushe aka haife ka. "Nawa kake so?" suke cewa, kamar masu awon gero a kasuwar Ajingi. Alasan ya ce mini zai je ya sayo ruwan leda. Sai da ya yi awa ɗaya da rabi, ya dawo ba ruwa, yana murmushi kamar wanda aka yi wa aski. Ban kawo komai a raina ba. Na cike fom ɗina da shekaruna na Allah da Annabi, don ni har yanzu in aka faɗi magana ta lasifika sai in ɗauka gaskiya ce.

Ranar tantancewa, wato Talatar nan, babur ɗaya ya kai mu, benci ɗaya muka zauna. Da aka zo karɓar fayil, Alasan ya ɗora nasa a kan nawa, don shi ne Yaya. Da ya bar wani ya shiga tsakaninmu, da yanzu wani labarin ake. Amma mulki ba ya barin mai shi ya yi lissafi.

Mai tantancewar, mu kira shi Yallaɓai Mai Jan Biro, dattijo ne mai tabo a kunnen hagu. Gemunsa baƙi wuluk kamar gindin tukunya, sai dai tushen gashin fari fat, alamar rini ya kwana biyu.

"Alasan Abdulmuttalib Gafasa," ya karanta. "Shekara ashirin da biyar. Madalla, irinku muke nema."

Na ɗauka kunnena ne. Ya ajiye, ya buɗe na ƙasa.

"Hussaina Abdulmuttalib Gafasa. Ashirin da tara." Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar. "Ke, mene ne tsakaninki da wannan?"

Na tuna darasin ƙwararre. Karo na farko a rayuwata na kalli babba a ido.

"Yayana ne, ranka ya daɗe. Tagwaye ne mu."

Alasan ya taka mini ƙafa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

"Tagwaye," in ji Yallaɓai, yana jera takardun biyu a tebur. "Rana ɗaya, wata ɗaya, shekara ce kawai ta saɓa. To, Allah ya saka wa mahaifiyarku da alheri. Naƙudar shekara huɗu ba wasa ba ce." Ajin ya ɗauki dariya. "Kuma Hussaina ce ta fara fitowa. Kai Alasan, me ka tsaya yi a ciki? Gogewar aikin kake tarawa?"

Yallaɓai ya zaro wata takarda daga fayil ɗin Alasan.

"Ga satifiket ɗinka na firamare ma. Ka shiga aji ɗaya kana ɗan shekara biyu. Da goyo ake kai ka, ko malamar ce ke shayarwa?"

Sai ya gyara zama ya yi mana wa'azi mai ratsa jiki. Ya ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Ya ce irin wannan hali ne ya hana ƙasa ci gaba. Ya ja jan biro a fayil ɗin Alasan. Ya juyo kaina da fara'a.

"Ke kuwa, 'yata, mun yaba da gaskiyarki ƙwarai. Sai dai kin tsufa."

Ya ja nawa ma. A yini ɗaya gidanmu ya gwada hanyar ƙarya da hanyar gaskiya, duka biyun Gafasa suka ɓulle. Muna fita na ga wasu suna shiga ta ƙofar gefe, ba fayil a hannunsu sai ɗan kati kamar na ganin likita. Ɗaya daga cikinsu sanƙonsa har ɗaukar ido yake. Ban ji an tambaye shi ranar haihuwa ba. Wataƙila cancantarsa ce ke magana, a hankali, yadda mu na benci ba za mu ji ba.

Muna wuce Ajingi Alasan ya fara mita.

"Da sai ki ce ba ki san ni ba."

"Yaya, hancinmu ɗaya."

"Hanci a rubuce yake a fayil?"

"To me ya hana ka gaya mini?"

"Ke ake gaya wa sirri? Fuskarki allo ce, kowa ya zo wucewa sai ya karanta."

Da yamma maƙwabcinmu Baba Maiwada, wanda haƙoransa uku suka rage kuma jikokinsa sun cika tsakar gida, ya leƙo jin yadda aka ƙare. Na ba shi labari tiryan-tiryan. Da na zo kan tabon kunne sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya, 'yar nan. Na hagu? Yana ɗan jan ƙafa in zai tashi?"

"Shi ne, Baba."

"Har yanzu yana aiki?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ai wannan wuƙa ɗaya ta yi mana kaciya. Bukka ɗaya muka yi jinya, ni na riga shi warkewa da kwana biyu. Tabon nan jakin babana ne ya yi masa."

Na sunkuyar da kai don kunya, amma kunnena na buɗe.

"Baba, an ce saura shekara uku ya yi ritaya."

"Shekara uku ta rage masa tun ana bikin uwarku. Kin san wanzami ba ya son jarfa."

To, jama'a, kun ji inda gizo ke saƙar. Na sama suna rage shekaru don kada su sauka, na ƙasa suna rage shekaru don su hau, kujera kuwa guda ce kuma mai ita ya ƙi tsufa. A ƙasar nan farashin masara kaɗai ke ƙara girma kowace shekara. Laifi tudu ne, in ji masu magana, amma Yallaɓai ya hau nasa har ya gina bene a kai, daga can yake hango na Alasan. Ban ce ɗan'uwana ya yi daidai ba. Ya yi ƙarya, kuma ya yi ta ba fasali, ko ranar bai canza ba. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya zauna a ofis mai sanyi ya rubuta ashirin da shida da gogewar shekara biyar, ya sani sarai ba ma'aikaci yake nema ba. Maƙaryaci yake nema, mai tsabtar aiki, wanda ba shi da abokin tagwaici.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma Gatan Marasa Aiki, in zai sake shirya bita, a sauke ƙwararre mai kwat a ba masu teburan gindin darbejiya lasifika, tunda manhajarsu ce ake aiki da ita. Ku kuma ƙannena ɗalibai, ku gyara sibi, ku goge takalmi, ku isa da wuri, duk yana da kyau. Amma kafin ku tsara makoma, ku fara duba ko akwai wanda aka haife ku tare.

Labari ya riga mu isa gidan su Bara'atu. Washegari mahaifinta ya aiko a kira Alasan. Bai yi faɗa ba, har tabarma ya sa aka shimfiɗa masa.

"Na ji an ce ashirin da biyar gare ka," in ji shi. "Ashe yaro ne kai, ni nake ta matsa maka. Ka yafe ni. Je ka ƙara girma, in ka kai shekarun yayarka sai mu yi magana."

An gama roron gyaɗa jiya. Mota ta tsaya a ƙofar gidansu Bara'atu, an sauke goro. Alasan yana gona tun asuba yana tara harawa, ya ce kada wanda ya kai masa abinci. Ni na kai. Ya karɓi kwanon bai ɗago ba, ya ce, "Na gode, Yaya." Shekara ashirin da tara ina jiran kalmar nan, ga ta ta zo, ban ji daɗinta ba. Shi ne ƙarin girma na farko da na samu, ban taɓa kama aiki ba.

Inna ce kaɗai ta ga riba a lamarin. Tun da ta ji hukuma ta tabbatar ta yi naƙudar shekara huɗu take tambayata ofishin da ake biyan diyya. Na ce mata ta shirya sibi, gogewa kam tana da ita. Sai dai kada ta wuce ashirin da shida.