Rasuwar Ƙi-Mutu, Motar Malam Muttaƙa na Tajaye

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da hayaƙin marigayiya bai gama fita daga cikinsu ba, iyalan Malam Muttaƙa Tanimun na Tajaye suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da dukan direbobin tashar Illela da ta Konni, rasuwar motarsu, wadda kowa ya sani da Ƙi-Mutu. Ta cika ranar Laraba da hantsi a bakin kasuwar Konni, tana kan aikinta.

Ba wanda ya san shekarunta na gaskiya. Malam Muttaƙa ya same ta ne da gumin ci-ranin da ya yi a Abijan, kuma ko a lokacin ta sha hannu, ta ga duniya. Fara ce, sai dai ƙofar baya shuɗiya ce, ta aro. Tun daga ranar ita ce gonarsa ta rani, ita ce rumbun gidansa.

Marigayiya ba ta taɓa cewa kaya sun yi mata yawa ba. Ta ɗauki wake da gero, ta ɗauki simintin Malbaza har cikinta na goge ƙasa, ta ɗauki awaki da masu awaki ba ta bambanta ba. A wata damina da naƙuda ta tsananta wa Ummulkhairi, uwargidan Malam Muttaƙa, ita ce ta ratsa ƙorama ruwa na dukan ƙofofinta, ta kai ta likitar Illela. A ranar aka haifi 'yarsu Humaira. Wannan alheri shi ya sa maigidan bai taɓa yarda a zage ta a gabansa ba.

Ba a faɗin aibin mamaci, amma nata aibin shi ne sunanta. In an kashe ta ba ta mutuwa. Malam Muttaƙa zai murɗa makulli, ya zare, ya sa a aljihu, ya sauko, ita kuwa tana nan tana karkarwa: gar-gar-gar, kaf, kaf-kaf, gurrr… sai ta ga dama ta ce tush!

Har yau ana ba da labarin wani jandarma da ya tsayar da su a hanya ya ce a kashe mota.

"Na kashe ta, shef," in ji Malam Muttaƙa, ya miƙa masa makulli.

Jandarman ya dubi makulli a tafinsa, ya dubi mota tana rawa ita kaɗai. Ya ja da baya, ya ce, "Amshi abinka, Malam. Ku tahi, Allah shi kiyaye hanya."

Goggo Hafsat, ƙanwar mahaifinsa, ta rantse akwai mai shi a cikin injin, don haka ba ta shiga sai ta tofa addu'a a kan kujera. Takama, bakaniken da ke dubanta a Konni, ya ce ba aljani ko ɗaya. Baƙin datti ne na ƙonannen mai ya daskare a cikin injin, in ya sha zafi sai ya yi ja kamar garwashi. Mota mai kabureta kuwa, ko an yanke mata wuta, muddin injin na juyi yana zuƙo mai, garwashin nan sai ya riƙa kunna shi ba ruwansa da buji, fulogin da ke ba da tartsatsi. Ga ralantinta, wato gudun injin in tana tsaye, ya yi sama, ga man kwalba na bakin hanya da take sha, ga radiyata na yoyo tana sa ta zafi. Ya ce kafin a gyara, in za a kashe ta a taka birki, a sa giya, a saki kuloci a hankali.

Sau ɗaya Malam Muttaƙa ya gwada. Ta yi wani ƙugi ta ɗauke numfashi, ya ce ji ya yi kamar ya shaƙe ta da hannunsa, bai sake ba. Gaskiyar magana, yana son karkarwar nan. A ganinsa sallama ce take masa bayan wahalar yini, kuma ba ya shiga gida sai ta ƙare maganarta.

Surukinsa Alhaji Abdulhamid, mahaifin Ummulkhairi, shi ne ya jawo aka kai ta magani. Wata rana an kashe ta tana ta tari, sai ya buɗe gabanta ya leƙa don ya ga abin da ake faɗi. Injin ya juya da baya, ta yi atishawar wuta ta kabureta, fuu! Hular Alhaji ta babbake, gefen gemunsa ya tafi. Ummulkhairi ta ce, "Malam, wagga mota ko a gyara ta, ko Baba shi bar zuwa gidanga."

Takama ya buɗe kan injin ya kankare dattin tas, ya sauya buji, ya sauke ralanti, ya gyara ɗan abin da ke toshe mai in an zare makulli. Radiyata kaɗai aka ɗaga, Malam Muttaƙa ya ce sai bayan kakar albasa. Marigayiya ta warke sarai. Ana murɗa makulli sai tsit. Kowa ya yi murna ban da mai ita, wanda aka riƙa gani zaune a cikinta bayan ya kashe, hannu a sitiyari, yana jiran abin da ba ya zuwa.

Ciwon ajali gajere ne. A ranar Larabar nan ta taso da buhunan albasa da fasinja, rana na dukan ƙasa. Tun a hanya ruwanta ya tsiyaye, tururi ya fara tashi. Malam Muttaƙa yana lallashinta, tana ja, tana nishi, ba ta yar da kowa a daji ba sai da ta ga rumfunan kasuwa. Nan ta ce ƙas, sau ɗaya. Ita da ake kashewa ta ƙi mutuwa, ta mutu makulli na kunne. Takama ya duba, ya cire hula, ya ce injin ya ƙone ya kama, ba sauran magani.

Ta rasu ta bar Malam Muttaƙa, wanda yanzu ke zuwa Illela a bayan babur ɗin kabu-kabu yana kau da kai in ya ga tasha. Ta bar safaya guda da ta fi ta tsufa, da jak mai gardama, da jarkar ruwa da ta yi mata hidima har ƙarshe. Ta bar kujerar baya, wadda Goggo Hafsat ta riga ta sa an kai ɗakinta, ta ce ta yafe mata.

Ana karɓar gaisuwa a garejin Takama, inda gawar take. Ba za a yi salla ba, tunda ƙarfe ce, amma akwai shayi da goro. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci za a raka ta makwancinta, filin masu sayen tsohon ƙarfe da ke bayan gari. Malam Muttaƙa zai zauna a sitiyari. Yana roƙon duk wanda ya taɓa tura marigayiya a rayuwarta, kuma ya san suna da yawa, ya daure ya zo a yi mata turin ƙarshe. Hanyar gangara ce, kuma wannan karon ba wanda zai leƙo ta taga ya ce ku ƙara kaɗan, ta kusa tashi.